Maganar rage ƙiba a garin da tamowa ke cin yara: tamu ce ko ta masu ƙoshi?

Dan_Birni: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. A cikin takardar manufar ƙasa kan abinci mai gina jiki, wadda ake kira PNSN, mai wa'adi har 2025, Nijar ta ɗauki alkawura takwas. Ɗaya daga ciki wai yaƙi da ƙiba da cututtukan da ba a ɗauka, irin ciwon sukari da hawan jini. Ni a ganina an cusa wannan ne kawai don a faranta wa masu ba da tallafi rai. Ƙasar da sama da kashi 40 cikin 100 na yaranta ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma jiharmu ta Damagaram da ta Maraɗi na cikin waɗanda abin ya fi ci, wa ke da lokacin zancen ƙiba? Wanda bai ci ya ƙoshi ba za a ce wa ya rage ci ya fita espor? A fara cika tukunya tukuna.

Kabukabu_Zango: Wallahi ka faɗi gaskiya. Ni dai ina neman ƙibar ban samu ba.

Majo_mai_ritaya: Wa alaikumus salam. Ɗana, a aikin likita na tsufa, kuma abin da idona ya gani ya saɓa da maganarka. Uwa za ta shigo da yaro a goye, ka ɗaura masa ma'aunin damtse ya faɗa ja, wato bai kai milimita 115 ba, sai a rubuta shi cikin masu karɓar Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan na leda da ake ba yara masu tamowa. Ka ɗaga kai ka dubi kakar da ta rako su, da ƙyar ta hau matakalar ɗakin awo, tana dafe gwiwa tana haki. Ka ce Inna kawo hannu, ka auna, tansiyo 17/10. Gida ɗaya suka fito, tukunya ɗaya suke ci.

Ka tambayi abin da aka dafa jiya, za a ce maka shinkafa da mai da yaji, shekaranjiya taliya da mai da magi. Babba ya ci kwano guda ya kwanta, jiki ya tara. Yaro kuwa cikinsa ƙarami ne, loma kaɗan ta cika shi, kuma babu wake, babu ƙwai, babu ganye, babu nono a ciki. Shi ya rame, ita ta kumbura. Ƙibar talaka ba shaidar ƙoshi ba ce. Sannan akwai abin da mutane ba su sani ba: yaron da aka haifa da ƙaramin nauyi, ko ya tashi a tsumbure, in ya girma ya samu abincin birni, ya fi saurin kamuwa da sukari da hawan jini. To ka ga wanda ya rubuta alkawarin nan bai yi shirme ba.

Dan_Birni: Baba Majo na ji, amma kakar nan mutum nawa ce in an gwada da yaran da ke kwance a CRENI, sashen asibiti na masu tamowa mai tsanani, duk damina?

Majo_mai_ritaya: Yaran sun fi gaggawa, ban musa ba. Amma yaro ɗan ƙasa da shekara 5 doka ta ce a duba shi kyauta tun 2006. Mai sukari fa? Awo da kuɗinsa, magani da kuɗinsa, kuma har ƙarshen rai ne. In maigida ya shanye ɓarin jiki, wa zai ciyar da yaran da kake tausayi?

Maman_Hadiza: Ku maza kuna ta magana kamar mu muka zaɓi dafa shinkafa da mai. A ba ki kuɗin cefane da safe, baki goma na jira, itace ko gaz a ciki, ruwa a ciki. Me za ki saya? Shinkafa tana nuna da wuri, yara ba sa tsaki. Tuwon hatsi sai surfe, sai kai niƙa, sai miya. Salak da kabeji da karas kuwa lokacin sanyi ne kawai ake ganinsu tuli a Kasuwar Dole, daga Mirya da Gidimuni, har mai talla na roƙonka. Zafi na shigowa sai ka ga tumatir uku an jera su a faranti ana kiran kuɗin da za ka riƙe baki.

Ƴar_Jamia: Gaskiyar Mama ke nan. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babba ya ci giram 400 na ganye da ƴaƴan itace a rana. Wannan ba aikin uwar gida kaɗai ba ne. Shi ya sa PNSN ba a bar ta ga ministan lafiya shi ɗaya ba, an haɗa ta da shirin 3N na ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar da aka kafa a 2012, akwai noma a ciki, akwai ruwan sha da tsabta, akwai lakwal. A takarda tsarin ya yi kyau. Abin da ya iso unguwa shi ne ɓangaren tamowa, don can ƙungiyoyi suka zuba kuɗi tun bayan yunwar 2005. Ɓangaren ƙiba ba shi da uban gida.

Jauro_Gure: Ku bar wahalar da kanku. Duk Babarbaren da ke son ya rage tumbi ya zo in ba shi sanda ya bi mini shanu wata ɗaya. Kyauta ne, ba sai manufar ƙasa ba.

Kalla_Mirya: Ji bawana! Kai da iska ke ɗauka in hunturu ya taso kake ba mutane shawara? Kai ne ya kamata Majo ya ɗaura wa ma'aunin damtse.

Ungozoma227: Ku gama dariyarku, ni ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƴan mata da amare na sayen ƙiba da kuɗinsu. Ana saura wata biyu biki sai a fara shan ƙwayoyin nan da masu tallar magani ke yawo da su a faranti cikin rana, waɗanda wasu ke kira sha-ka-fashe. Da yawa dekizametazon ne, wasu kuma maganin buɗe ciki ne da ke sa barci da yawan ci. Dekizametazon magani ne na gaske mai amfani in likita ya rubuta, amma in aka sha shi wata da watanni ga abin da yake yi: fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta tsattsage, sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni. Kuma ba a barinsa kwatsam, sai an rage a hankali a hannun likita, in ba haka ba mutum na iya zubewa. Yarinya ta zo awon cikin fari da irin wannan jiki, ku ce mini maganar masu ƙoshi ce?

Kuma ba laifin yarinyar ba ne. In ta yi wata uku a ɗaki ba ta yi jiki ba, dangin miji su ce ba ta da godiya, danginta su ce ba a ciyar da ita.

Maman_Hadiza: Haka ne ƴar'uwa. In kika rame a gidan miji har maƙwabta sai sun tambaya ko lafiya. Wasu ma su fara raɗa cewa ciwo ne.

Alhaji_Dole: To ai tun kakanni haka muka taso. Mutum in Allah ya buɗa masa ya kamata a gani a jikinsa. Babbar riga ba ta yi wa siriri kyau. Mahaifina ya ci kitse ya sha hura da nono har ya haura tamanin, bai san wani diyabet ba.

Mushe_Karkada: Ranka ya daɗe Alhaji, mahaifinka da ƙafa yake zuwa gona, ko bisa jaki, ya yini da hauya. Kai daga ƙofar gida sai mota, daga mota sai tabarmar shago, yaro ya kawo tsire, yaro ya kawo lemu mai sanyi, masallaci ma yana jikin shagon. Kuma hurar da ya sha babu sukari a ciki, in ma akwai ɗan kaɗan ne. Yau ka tsaya wurin mai hura ka ga ludayin sukarin da take zubawa kafin ta dama.

Alhaji_Dole: Mushe, wa ya gaya maka ina shan lemu? Shayi kawai nake sha.

Majo_mai_ritaya: Alhaji ai ka kawo kanka. Shayin fada shi ne babban ɓarawo a garin nan. Ka kula da mai dafawa: ɗan buta ƙarami, ya cika kofin shayi da sukari ya juye a na fari, ya ƙara a na biyu, na uku kuwa ruwan sukari ne zalla da ɗan na'ana'a. A yi da hantsi, a yi bayan la'asar, a yi bayan isha'i. OMS ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana, wajen giram 50 ke nan ga babba, ƙaramin cokali 12, kuma in an tsaya a rabin haka ya fi. Gwangwanin lemu mai gas guda na santilita 33 yana ɗauke da wajen giram 35. Ka haɗa da zoɓo, da kunu, da alkakinmu da muke alfahari da shi.

Kalla_Mirya: A taɓa komai amma a bar mana alkaki. Gara babu alkaki ai ba gara ba ce.

Ƴar_Jamia: Ba wanda ya ce a hana. Amma dai gwamnati na da abin yi. Mekziko ta sa haraji kan lemun sukari a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu a 2018. A Ingila kamfanoni da yawa rage sukarin suka yi a cikin kwalba don su kauce wa harajin. Ga maƙwabciyarmu Najeriya ma, ta sa naira 10 kan kowace lita a 2022.

Alhaji_Dole: Ɗiyata, karatu daban kasuwa daban. Ki sa haraji a Yamai, kaya su shigo ta Magarya da Matamai bisa moto da dare. Mu da ke biyan duwan mu kaɗai za mu sha. Kuma naira 10 a lita wa ta hana shan lemu a Kano?

Mushe_Karkada: Nan kam Alhaji ya yi gaskiya. Kuma sukarinmu ba na kwalba ba ne, na awo ne, wanda ake ƙullawa a leda na dala biyar na dala goma. Harajin kwalba ba ya taɓa shi. In kuma ka taɓa farashin buhun sukari ana gab da azumi, ka san abin da zai biyo baya.

Ni inda nake ganin za a iya yin wani abu shi ne lakwal. OMS ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu minti 60 na motsa jiki kullum. Darasin motsa jiki, wato EPS, na cikin jadawali, amma a firamare sau da yawa maigidan aji ne zai yi, ga yara sun yi masa yawa, ga rana, sai ya ce a zauna a yi lissafi. Filin da muka buga balo muna yara yau an yanka shi fuloti. Langa wa ke yi yanzu? Sannan ka tsaya bakin ƙofa lokacin rekreyasiyo ka ga abin da ake sayarwa: alawa, biskit, ƙanƙarar leda mai launi, garin jus da ake lasa a tafin hannu har harshe ya yi ja. A da, awara da ƙosai da gyaɗa da ɗanwake suka fi yawa. Wannan ba ya bukatar miliyoyi, darekta da iyayen yara na iya zama da masu tallar su daidaita.

Kabukabu_Zango: Ku dai kada ku sa mutane su koma tafiya da ƙafa, da me za mu ci? 😂 Amma tsakani da Allah akwai wanda ke tsayar da ni daga bakin masallaci zuwa gidansa, tafiyar da ba ta kai a kunna moto ba. Ni kaina yini nake zaune, bayana ciwo yake.

Maman_Hadiza: Espor ɗin nan da kuke faɗa, mace ta yi shi a ina? In sa hijabi in fita ina sauri bakin gudron da asuba, kafin azahar an kai wa maigida labari. Kuma wa ya ce ba ma motsi? Unguwar da pampo ke ɗaukewa kwana da kwanaki, ku tambayi wa ke jan bido.

Malam_Garin_Malam: Hajiya, addini bai hana mace motsa jiki ba in an kiyaye sutura. Ya tabbata Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya da ta yi jiki ya tsere mata. Kuma shi ya koya mana a raba ciki uku, kashi ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi. Matsalarmu ta al'ada ce da bakin mutane. Ku dubi yadda muke buɗa-baki: an yini da azumi, sai a jera kunu da ƙosai da fanke da lemu da soye-soye, mutum ya kasa tsayuwar asham. Wasu da nauyi suke fita daga watan.

Maman_Hadiza: Allah gafarta Malam, to ku faɗa a huɗuba maza su ji. Mu mun ji.

Ungozoma227: Abin da OMS ta ce ga babba minti 150 ne zuwa 300 a sati, na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga amma kana iya magana. Minti 30 sau 5 ya kai. Ba sai an sa kayan espor ba. Daka, shara, ɗiban ruwa, tafiya kasuwa da sauri, duk suna ciki. Matan da ke jan bido ba su ne abin damuwata ba, Maman Hadiza. Waɗanda ke da ƴan aiki ne, da masu zaman buro, da masu jego. Arba'in ɗin nan: ana ɗura wa mace kunun kanwa da nama da yaji tana kwance, haihuwa ta biyu ta zo ba ta sauke na farko ba. Kanwa kuma danginsu ɗaya da gishiri wajen hawan jini da riƙe ruwa a jiki, zuciyar mai jego ba ta son yawanta. A ci da kyau, mai shayarwa na bukata, amma a rage kanwar.

Hajiya_Sabongari: Ɗiyata a nan kam ban bi ki ba. Haihuwa tara na yi, duk da kunun kanwa, ga ni. Shi ke kawo nono.

Ungozoma227: Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Abin da ke kawo nono shi ne yawan sa yaro a mama da cin abinci da shan ruwa. Ban ce a zubar da al'ada ba, na ce a rage hannu, musamman ga wadda ƙafarta ta kumbura ko jininta ya hau tun tana da ciki.

Majo_mai_ritaya: Tun da an zo kan gishiri: kada ya kai giram 5 a rana, ƙaramin cokali ɗaya bai cika ba, duk abincin yini. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Mace ta sa huɗu a miya, ta ƙara gishiri, a kawo yaji shi ma da magi a ciki. Daddawa ta koma ta ƙauye wai tana wari.

Dan_Karakara: Ana maganar espor ba a ambace mu ba. Ku zo unguwarmu da yamma ku ga samari na ɗaga ƙarfe. Ba mu da kayan zamani: gwangwanin madara manya guda biyu a cika da siminti, a soka ƙarfe a tsakiya, ko tsohon ƙarfen mota da faranti biyu na birki. Benci katako ne bisa bulo. Mutane na ganinmu su ce ƴan palais ne, ƴan rigima. To akwai masu rigima, amma da yawa wurin ne ke hana su shan ƙwaya. Da za a ba kowace unguwa fili ɗaya da fitila, da kun ga aiki. Gari mai filin kokowa da ƴan kokowa da ke zuwa neman takobi duk shekara bai kamata a koya masa motsa jiki ba.

Jauro_Gure: Ƴan kokowar ma ai in sun bar fage tumbi suke yi.

Ƴar_Jamia: Wata ƙawata ta tambaye ni ta yaya mutum zai san ya wuce kima. Ana raba nauyi da tsawo sau tsawo. Mai kilo 80 da tsawon mita 1,60: 80 a raba da 2,56, ya ba da 31 da ɗoriya. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce ta ciwo.

Majo_mai_ritaya: Wanda lissafi ya yi wa wuya ya samu igiya. Ka taka bakinta da diddige, ka ja har tsakar ka, ka yanke. Ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai haɗari. Sai a je a auna tansiyo da sukari da safe kafin a ci komai. Tansiyo in tana kai 14/9 ko sama a awo fiye da ɗaya, ko sukari ya kai giram 1,26 a lita, a ga likita, kada a tsaya ga saiwa.

Alhaji_Dole: Na gwada da rawanina. Ban ce komai ba.

Dan_Birni: Na karanta duka. Baba Majo da Anti ungozoma sun nuna mini akwai matsalar, ban ƙi ba. Amma har yanzu ina kan bakana a wuri ɗaya: kuɗin ƙasa kaɗan ne. In aka ce a raba tsakanin yaron Magarya da damtsensa ya faɗa ja da Alhajin da rawani bai zagaye ba, ni yaron zan ba duka.

Ƴar_Jamia: Yaya, ai ba rabawa ake ba a wurare da yawa. Shayar da nono zalla wata 6 na kare yaro daga tamowa yanzu, yana kuma rage masa haɗarin ƙiba gaba. Wake da zogale da ƙuli-ƙuli a tukunya na gyara yaro da kaka tare. Man da aka ƙara wa bitamin A da fulawar da aka ƙara wa sinadarin ƙarfe, masu tambarin Enrichi, su ma haka. Sai dai yawancinmu man awo muke saye daga jarkar da ba rubutu.

Mushe_Karkada: Amma magani da awon masu sukari kuɗi ne na daban, a nan Dan_Birni yana da hujja. Wani zai samu wani zai rasa.

Hajiya_Sabongari: Ni dai tambayata ga Majo: hurar ce zan bari ko sukarin cikinta? Don in hurar ce, ku cire ni daga zauren.

Majo_mai_ritaya: Sukarin, Hajiya, kuma a rage girman ƙwarya. In an riga an ce kina da diyabet, wannan sai kin zauna da mai duba ki, don hura ko ba sukari tana ɗaga shi.

Maman_Hadiza: Malam bai amsa mini maganar huɗuba ba. Kuma in da gaske ake, a nemo mana farfajiyar lakwal ɗaya mai katanga, ranar da ba karatu, mata zalla. Mushe, wa ake tambaya, darekta ko inspekta?